Cizo na Huɗu

Yaya Shahlo,

Na kai motar gareji, ban so in tashe ki ba.

Gurasar tafiyar nan da Inna ta sa muka ciza jiya bisa al'adar matafiya, ta rataye a bango sai mun dawo daga bikin Nodira a Dushanbe, ai mu uku muka ciza, ni da ke da mijinki. Da safen nan na ƙirga cizo huɗu. Na huɗun da shatin wushirya, sak irin ta Baba. Kin kuwa san a kan wannan hanyar dutsen da za mu bi ya rasu.

Kar ki bari Inna ta gani. Zan sa a sake duba birki.

Kayan amarya duk a baya za mu loda su. Kujerar gaba a bar ta haka nan babu kowa, saboda Baba.

Ulugbek