Ni a Sanyin Asuba, Ɗan Ƙanwarsa a Rana

Gwaggo Mai Shawara, don Allah ki taimake ni. Zargi ya hana ni sakat, kuma duk wanda na faɗa wa a cikin abokaina na san maganar za ta koma kunnen wanda nake zargi.

Ni ɗan gudun dogon zango ne, sana'ata kuma gasa burodi. Daga hantsi har bayan azahar ina bakin tanda. Mai horar da ƙungiyarmu wani dattijo ne da muke kira Barewa, don an ce a zamaninsa ƙeyarsa kawai ake hangowa. A babbar gasar da ke tafe gurbi ɗaya aka ba mu, kuma kowa ya san tsakanina da Dogo ne. Shi Dogo, wanda ke wuni a kantin waya yana shan sanyin na'ura, ɗan ƙanwar Barewa ne. Kin fara ganin inda na dosa.

Shekarun nan yanayi ya rikice mana. Zafi ya zo kafin lokacinsa ya ƙi tafiya, ruwa kuma in ya tashi sauka kamar da gayya. Ambaliyar bara ta cinye hanyar bakin kogi mai inuwa da muka saba bi. Yanzu sai titin kwalta na bayan masana'antu, inda bishiya ko ta magani babu. Daga nan Barewa ya raba mu. Ni ya ce bayan sallar asuba kawai zan riƙa gudu, shi ma a hankali. Dogo kuwa da la'asar, rana na dukansa, kawun nasa na biye da shi a keke da gorar ruwa. Gwaggo, da rana fa za a yi gasar nan! Wa ake saba wa da zafi, wa kuma ake lallaɓawa kamar ƙwai don ya narke ranar gasa?

Na tambaye shi dalili, sai ya yi murmushi ya ce in bi a sannu, wai kuma wane launi fitsarina yake. Ina ruwan gasa da fitsarina? Kullum sai ya ɗora ni a sikeli kafin gudu da bayan gudu. Ran nan har matata ya tare a hanya yana tambayarta ko ina samun barci. Ni dai na ce da walakin, goro a miya.

Don kada a bar ni a baya, in na tashi daga aiki sai in sa rigar leda ta ruwan sama in bi titin nan rana na kan ƙuna, ba da saninsa ba. Makon jiya ina cikin gudu gumi ya ɗauke mini cak, tsigar jikina ta tashi, na ji sanyi a cikin wannan rana. Sai farkawa na yi a rumfar wani mai faci ana zuba mini ruwa. Ban faɗa wa kowa ba, amma washegari Barewa ya ƙara rage mini gudun. Ashe har 'yan leƙen asiri gare shi.

Na sha wuya a kan gudun nan, kuma raina yana ɓaci. In fice daga ƙungiyar ne, ko in tona shi a gaban kowa?

Naki, Mai Gasa Burodi

Ɗana Mai Gasa Burodi,

Mu fara da abin da ka ɗauka ƙarami. Ɗaukewar gumi da jin sanyi a tsakar rana har mutum ya faɗi alama ce ta bugun zafi, kuma yana kisa. Ka je likita ya duba ka kafin ka sake ɗaura takalmin gudu, ka kuma faɗa masa komai, har da ledar.

Zarginka ba a iska ya tsiro ba. Gaskiya ne mai shiga gasa a cikin rana yana buƙatar sabawa da zafi sannu a hankali, kuma naka sai naka. Barewa ya yi kuskure da ya ba ka murmushi a inda ya kamata ya ba ka bayani, musamman da ɗan ƙanwarsa ke cikin takarar.

Amma ka manta da tandar a lissafinka, shi kuwa ina jin bai manta ba. Kai kana wuni a bakin wuta, jikinka ya riga ya karɓi rabonsa na zafi. Dogo da ke wuni cikin sanyi shi ne sai an fitar da shi rana. Sikeli da maganar fitsari kuwa, ruwan jikinka ake aunawa. Mai son kayar da kai ba zai damu da barcinka ba, kuma wanda ya kai masa labarin faɗuwarka bai cuce ka ba.

Ban rantse maka zuciyarsa fara ce ba, don ban san shi ba. Saboda haka kada ka tona kowa, kada kuma ka fice. Ka same shi shi kaɗai, cikin ladabi, ka faɗa masa abin da ya faru da abin da kake tsoro. Ka roƙi a yi gwaji tsakaninka da Dogo a gaban dukan ƙungiya, a lokacin da likita ya yarda, wanda ya yi nasara ya ɗauki gurbin. In ya amince, zargi ya ƙare. In ya yi ta kwana-kwana, to biri ya yi kama da mutum, sai ka nemi wani mai horarwa da hujjarka a hannu.

Gurbin nan har yanzu ba a ba kowa ba. Amma in ka sake sa ledar nan ka shiga rana, ba Barewa ne zai ba Dogo shi ba, kai ne za ka miƙa masa daga gadon asibiti.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya sanyaya maka zuciya, ya ba mai rabo sa'a.

Gwaggonka