Kwat ɗin Kawu Idi

Khumra, daren Talata

Wasan talabijin ɗin nan na leburorin Turawa, tsakanin yaƙin duniya na farko da na biyu, ya shiga kan Kawu Idi. Ya ga 'yan dakonsu suna layin neman aiki da kwat, wai shi ya sa ake ɗaukarsu. Yau ya zo ƙofar siton da muke layin neman dako da kwat ɗin ulu, gumi har gemu.

Na ce, "Kawu, za ka dahu."

Ya ce, "Ɗana, zuba ido."

Mudir, wato manajan siton, ya nuna shi: "Kai mai kwat, yalla, maza ɗakin sanyi!" Kawu ya wuni cikin daskararrun kaji, ni kuwa siminti na sauke a rana.

Yanzu ya yi matashi da kwat ɗin, don ya kama ni ina gwadawa.