Baba Zai Ɗora Mijina a Kan Dokin da Bai Warke Ba

Anti, don Allah ki agaza mini da shawara kafin ƙarshen makon nan. Kaina ya kulle, ko abinci ba ya shiga.

Mahaifina mai kiwon dawakin tsere ne, a barga na tashi. Mijina kuwa shi ne mahayinsa, a nan ma muka haɗu. Akwai wani baƙin doki da muke kira Akawal, wanda Baba ke ji da shi fiye da mu 'ya'yansa, wannan ko a gabansa zan faɗa. Kwanakin baya ya dawo daga atisaye yana ɗingishi da ƙafar gaba ta hagu, bayan ƙwaurin ya kumbura ya yi zafi. Likitan dabbobi ya zo ya matsa wurin, ya sa aka ja shi yana sassarfa, sannan ya aske gashin ya ɗora na'urar hoto. Ya nuna mana wani baƙin tabo a jijiyar da ke riƙe idon sawu, ya ce ta yage daga ciki. Maganinta hutu ne na wata da watanni, da ƙanƙara da bandeji, sai a riƙa jansa da hannu a hankali. Ba sirdi, ba sukuwa, har sai an sake hoto.

Ni na ɗauki wannan wahalar, Anti. Ni ce ɗaurin bandeji, ni ce jansa a tsakar barga, har cizona ya yi a kafaɗa don haushin zaman wuri ɗaya. To yanzu kumburin ya sauka, ɗingishin ya tafi, sai Baba ya ce doki ya warke, ya sa shi a tseren ƙarshen mako. A wurinsu tsofaffin masu doki, dokin da ba ya ɗingishi lafiyayye ne, magana ta ƙare. Amma ni kullum da safe ina kama ƙafafunsa biyu na gaba da tafukan hannuna in gwada, ta hagun ta fi ɗumi. In na matsa jijiyar sai ya janye ƙafar. Shekaranjiya kuma na ga Baba da kansa yana barbaɗa masa garin maganin kashe zafi a cikin dusa.

Da na yi magana, Baba ya tambaye ni yaushe na zama likita. Mijina ya san gaskiya, shi ma ya taɓa ƙafar, na ga yadda fuskarsa ta sauya. Amma wai ba zai iya kallon idon surukinsa kuma maigidansa ya ce ba zai hau ba. Anti, na taɓa ganin doki ya kife a tsakiyar gudu, na ga yadda aka ɗauko mahayin. 'Yarmu ko tafiya ba ta fara ba. Tsoro nake ji, wallahi. In na sanar da likitan filin tsere za a cire dokin, amma na tona wa ubana asiri a gaban abokansa. In na yi shiru kuma fa?

Taki, wadda ke tsakanin uba da miji.

'Yata, ki kwantar da hankalinki, amma kada ki yi shiru. Hannunki bai yi miki ƙarya ba. Na tuntuɓi masu sanin abin, sun ce jijiya takan daina ciwo tun kafin ta gama haɗewa, maganin kashe zafi kuma yana ɓoye ɗan abin da ya rage. Dokin zai fita da ƙarfinsa don bai ji komai ba, nan ne haɗarin yake.

Sai dai kada ki ɗauki mahaifinki mugu. Mutum ne da ya daɗe yana yarda da idonsa, ga shi ya ƙosa ya ga dokinsa a fili. Gardama ba za ta kai ki ko'ina ba. Ki kira likitan nan yau ya sake hoton a gaban Baba, ki kuma gaya masa zancen garin maganin. Ki shiga wa Baba ta inda ya fi rauni: in jijiyar ta tsinke, Akawal ba zai ƙara gudu ba har abada, wataƙila ma ba zai tashi ba.

Shi kuma maigidan naki, ki zaunar da shi ki faɗa masa kai tsaye cewa kunyar suruki ba ta kai a ba da rai a kanta ba. Ya je ya ce wa Baba ba zai hau ba sai likita ya yarda, wannan ba rashin ladabi ba ne.

In duk sun ƙi, ki je wurin likitan filin. Amma ki fara durƙusawa gaban Baba ki gaya masa za ki je, kada ya ji a bakin wani. Zai yi fushi, ƙila ya daɗe bai amsa gaisuwarki ba. Ki jure. Fushin uba ana zuwa a ba da haƙuri ya huce, amma in aka ɗauko miki miji daga filin nan, ba wanda za ki je ki ba haƙuri ya dawo miki da shi.

Allah Ya tsare miki su duka, Ya ba dokin lafiya.