Tukwanen Burtali

Birnin Kudu, ranar Litinin

Zuwa ga Yaya Mansura,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, da Malam da yara da ɗalibanki na Islamiyya. Na ba Ɗanbala direba wannan takarda ya kai miki Gwaram, domin wayata yanzu ba tawa ba ce, duk wanda ya fi kusa cikin 'yan kamfen shi ke ɗagawa. Maganar kuwa ta cikin gida ce.

Saura mako uku jam'iyya ta tsayar da ɗan takarar kansila a mazaɓarmu ta Sundimina, kuma alhamdu lillahi ni ne a gaba. Abu ɗaya ya sa manoma suka bi ni: na yi musu alkawarin ba wanda zai rasa ko taku ɗaya na gonarsa saboda burtali. To, tun rikicin kaka da shanun Arɗo Saifullahi suka shiga gonaki, ƙaramar hukuma ta kafa kwamiti. Asabar mai zuwa za su zo garinmu Kwarin Marke su sake shata hanyar shanun. Manoma sun ce faɗinta taku goma ne tun asali, makiyaya sun ce hamsin. Dagaci ya ce a kira Baba, wai shi kaɗai ya rage cikin waɗanda suka ga an shata ta.

Yaya, tsoho mai shekara tamanin da biyar, ido ya tafi, me zai nuna? Amma kin san halinsa. In ya buɗe baki ya ce hamsin, gona ashirin da uku ta guntule, takarata kuma ta bi ruwa. Wallahi ban ce ya yi ƙarya ba. Ya ce ya manta kawai, ko ya ce ƙafa ta hana shi fita. Maganarki kaɗai yake ji. Don Allah ki je gida ki lallaɓa min shi.

Ki gaida kowa da kowa.

Ƙaninki,
Fa'izu

Gwaram, ranar Alhamis

Zuwa ga Fa'izu,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya, Malam yana gaishe ka. Ranka ya daɗe kansilan gobe! Na ga hotonka an manna a jikin motar Ɗanbala, sun yi maka fari fat, sai da na karanta sunan na gane ƙanina ne.

Ka ce ba ƙarya kake so ba, a ce an manta ne kawai. Ban san me kuke kiran wannan a jam'iyya ba, mu dai a Islamiyya 'yan aji biyu ma sun san sunansa. Duk da haka na je, don hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ban lallaɓa shi ba, takardarka na karanta masa daga farko har ƙarshe. Kada ka yi fushi, ban iya kwana-kwana da Baba ba.

Ya saurara har na gama. Can ya ce, "Mansura, ai ba a bar burtalin nan ga bakin mutum ba." Ashe lokacin da aka shata shi, dattawa sun binne tukwane bakwai cike da gawayi a gefensa na gabas, don gawayi ba ya ruɓewa, gara ma ba ta cinsa. Baba yana saurayi, shi ya haƙa ramukan da hannunsa. Shekara arba'in da bakwai ina 'yarsa, ban taɓa jin wannan ba.

Daga nan ya ce in wanke masa farar rigarsa ta Idi. Tuwon rana ko rabi bai ci ba. Da zan tafi ya kira ni, ya ce, "Fa'izu shekararsa nawa yanzu?" Na ce arba'in. Ya ce, "Arba'in. Kai, an daɗe." Ban gane nufinsa ba, amma muryarsa ta tayar min da hankali.

Ba zan samu zuwa Asabar ba, muna jarrabawa. Kai ka je, ka tsaya kusa da shi, kada ka ɓuya a bayan 'yan kamfen ɗinka. Allah Ya zaɓa mana abin da ya fi alheri.

Yayarka,
Mansura

Birnin Kudu, ranar Lahadi

Yaya Mansura,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun tashi lafiya.

Jiya da hantsi aka taru a gindin tsohon marken nan. Ga 'yan kwamiti da igiyar awo, ga dagaci, ga manoma gefe guda, ga Arɗo Saifullahi da mutanensa ɗaya gefen, ba mai kallon wani. Ni kuwa na yi abin da kika hana, na laɓe a baya. Baba ya fito cikin farar riga, ya cire takalmansa ya ajiye, ya ɗaga murya: "Ina Fa'izu? Zo ka ja min sanda." A gaban duk masu zaɓena! Haka na fito na kama.

Ya dafa marken, ya juya gabas, yana taka ƙasa a hankali yana ƙirga a baki. Sunan jan sanda kawai nake yi, shi ke jana. Ya tsaya a cikin gonar Malam Khuzaima ya ce, "Ku haƙa nan." Aka haƙa kamu biyu, sai dagi ya ce ƙwas. Yaya, tukunya! Aka buɗe, ga gawayi baƙi wuluk kamar jiya aka kwashe shi daga murhu. Wurin ya ɗauki salati. Mutumin da ba ya ganin tafin hannunsa, bai kuskure ko da taku ɗaya ba. Kafin a kai tukunya ta uku 'yan kwamiti sun naɗe igiyarsu, sun koma bin sa a baya kamar kowa.

Taku hamsin ne, Yaya. Makiyaya ke da gaskiya.

A ta biyar Malam Khuzaima ya kasa haƙuri, ya ce, "Baba Sada, yankan gonar wani ai ba wuya!" Aka tono ta shida. Sai na ji sandar ta karkata zuwa gonarmu ta kwari. Na ce, "Baba, nan gonarmu ce." Ya ce, "Na sani. Mu je." Muka ratsa har tsakiyarta, daidai inda geronmu ya fi yin kyau kowace shekara. Nan aka ciro ta bakwai.

Ya juyo wajen jama'a ya ce, "Shekarar fari, tudu ya ƙone, iyalina na da cikin wannan da ke riƙe da sandata. Nan kaɗai ke da laima. Ni na fara cin burtali. Da kuka ga ba a ce min komai ba, kuka biyo ni ɗaya bayan ɗaya. Kowace damina sai in ce baɗi zan mayar. Ku yafe ni, kada in je kabari da hanyar bayin Allah a wuyana."

Sai Arɗo ya matso ya durƙusa, ya ce, "Baba, ai mun sani. Mahaifina yana tsaye ranar da ka sa garma. Ya ce mana, ku kewaya da shanun ta kan duwatsu. Yunwa ce ta sa mutumin nan, ba halinsa ba ne, wata rana zai mayar. Har ya rasu maganarsa ke nan."

Shekara arba'in suna kewayawa ta duwatsu, shanu na gurguncewa, ba su taɓa tona mana asiri ba. Ni kuwa na hau mota da lasifika na kira su masu cin amana. Yaya, na yi kuka a gaban mutane, ban ji kunya ba.

Malam Khuzaima da kansa ya fara janye shingen ƙayarsa. Wasu suka bi shi, wasu kuma suka tafi suna zagina. Yau da safe manyan jam'iyya suka kira ni, sun ce wanda ya ja makaho ya yanke gona ashirin da huɗu ba zai kawo akwati ba. Sun ba wani takarar. Abin ya yi min zafi, ba zan ɓoye miki ba. Amma ban san irin mutanen da na tashi a cikinsu ba sai jiya.

Ki sa ni a addu'a.

Ƙaninki,
Fa'izu

Gwaram, ranar Laraba

Fa'izu ƙanina,

Wa'alaikumus salam. Allah Ya musanya maka da mafi alheri. Sau uku na karanta takardarka.

Jiya na je gida. Da la'asar shanun Arɗo suka bi ta kwari karo na farko. Baba ya sa aka shimfiɗa masa tabarma a bakin hanya, ya zauna yana sauraron kofatansu har ta ƙarshe ta wuce. Da muka koma ya cinye tuwonsa tas, har ya nemi ƙari.

Ga saƙonsa. Asabar za a mayar da tukwanen ramukansu, a dasa cini-da-zugu a kan layin. Ya ce ka zo da dagi, ka bar babbar riga a Birnin Kudu. Duk bakwai ɗin kai za ka binne, ka ƙirga takun da ƙafarka tun daga marke. Na ce, "Baba, ba ga dagaci ba?" Ya ce, "A'a. Wanda aka ci burtali dominsa, shi zai riƙe shi bayana."

Sai ka zo. Ka taho da wuri, kafin rana ta yi zafi.

Yayarka,
Mansura