Gonar Bayan Gidan Agafya

3 ga Yuni, 1974

Ɗana Timosha,

Gaisuwa mai yawa daga mahaifiyarka. Ina fatan kana lafiya, kai da matarka Zina da jikata. Tarin nan ya sake ka? Mu nan lafiya lau, ƙanƙarar kogi ta tafi, akuya ta haifi biyu.

To, gaisuwa ta ƙare. Jiya shugaban gonar gwamnati, Savel Lukich, ya tara mu ya baje taswirar da ofishinku na auna ƙasa ya aiko. An raba ƙasar ƙauyen nan daraja-daraja, daga ta ɗaya zuwa ta biyar. Wuri ɗaya tak ya samu ta ɗaya, gonar bayan gidanmu. Ya ce irin wannan ƙasa ba a barin ta a hannun mutum ɗaya. Ina gama haƙe dankalina tarakta za ta shiga. Ni kuma an ba ni madadi a bakin fadama, inda ko ciyawa sai ta yi shawara kafin ta fito.

Na ce wane makaho ne ya auna? Ya juyo min takardar. Sa hannunka ne, Timosha. Maƙwabciyata Ustinya ta kwashe da dariya, wai "Agafya, kin ga ribar kai ɗa makaranta!" Ban taɓa jin kunya irin ta jiya ba.

Ashe zuwan da ka yi bara da ɗan ƙarfenka kana tsokanar ƙasa, ni ina ciki ina soya maka kifi, abin da kake ƙulla min ke nan? Ka gyara takardar nan.

Mahaifiyarka,
Agafya

19 ga Agusta

Timosha,

Ina gaishe ku duka. Yaya jikin Zina? Wasiƙarka ta iso, na karanta sau biyu, fushin nawa bai sauka ba.

Wai abin da awo ya nuna ka rubuta: baƙar ƙasa kamu biyu, babu tsami, ƙanƙara na saurin sakinta, kuma ba za ka yi ƙarya ba. Wa ya ce ka yi ƙarya? Gaskiyar ce ba ka haƙa ka kai gare ta ba. Ƙarƙashin baƙin nan farin yashi ne fat kamar toka, irin na kowa. Haka muka same ta ni da marigayi ubanka Zahar. Ya dawo daga yaƙi da hannu ɗaya, da shi ya yi shekara ashirin da shida yana jido laka daga kogi. Ni ina bin sa da takin saniya da tokar murhu. Duwatsun da muka tsince su ne katangar da kake hawa kana ƙarami. Dankalin gonar nan ya raya ka shekarar da hatsi ya daskare a tsaye.

A takardar taku akwai layin da ake rubuta wanda bayansa ya karye? In babu, takardar banza ce. Haushinka nake ji, ɗana, ba zan ɓoye maka ba.

Mahaifiyarka,
Agafya

21 ga Oktoba

Ɗana,

Ina fatan kuna lafiya. Ni dai da sauƙi, sai ciwon baya. Ban ga amsarka ba, na kuma daina jira.

Na haƙe dankali, buhu goma sha huɗu. Washegari na ɗauko baron ubanka da shebur, na fara kwashe baƙar ƙasar zuwa bakin fadama. A kwana na uku Ustinya ta leƙo ta katanga ta ce, "Tsohuwar banza, haka za ki mutu ki bar mu da wahalar haƙa kabari." Ta je ta ɗauko nata baron. Daga baya zawarawa biyu suka shigo. Kwana talatin da takwas muka yi.

Savel Lukich ya zo yana huci, wai "Agafya, ƙasar gwamnati kike sata da rana tsaka?" Na ce, "Savel, gona ka nema, ga ta nan, ko taku ɗaya ban matsar da ita ba. Kayan mijina nake kwashewa." Ya cire hula, ya sosa kai, ya tafi. Ranar Litinin tarakta ta shiga, ta juyo farin yashi daga wannan katanga zuwa waccan. Shekaranjiya ƙasa ta daskare.

Ga safar ulu nan na saƙa wa jikata. In ƙanƙara ta narke ka zo, ina son ganinka. Amma ka bar ƙarfen nan a birni, Timosha. In ka sake rubuta daraja ta ɗaya a bakin fadama, ba ni da sauran bayan da zan sake kwashe ubanka.

Mahaifiyarka,
Agafya