Indararon da ka yi wa ɗakin Inna

Zuwa ga yayana Sanusi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lahiya duk inda kake, in dai kana wani wuri. Tun da motarku ta wuce Agadas ba mu sake jin muryarka ba.

Yaya, indararonka ya karye.

Ka tuna ranar da ka kai ni gona bayan ruwan sahe, ka ce in duƙa in kalli ganyen dawa? Ɗigo na bin ɗigo ta tsakiyar ganyen har tsininsa, sannan ya faɗi can nesa da kara. Ka ce, "Ruwa bai da taurin kai, Nana, hanya yake so a nuna mishi." Sai ka tsinto simintin da ke zuba daga motocin Malbaza, ka kwaɓa, ka danna ganyen a ciki har jijiyoyinsa suka hito, ka fiƙe bakin. Mutanen garinmu Bazaga sun yi ta maka dariya, amma bangon Inna bai sake jiƙa ba.

Kawu ya sa guntun kwanon rufi a madadinsa. Ruwa na zuwa bakin kwanon sai ya lanƙwaso ta ƙasa, ya dawo yana lasar bango. Na gwada yin irin naka. Nawa ya tsage kahin ya bushe.

A lakwal, makarantarmu ta boko, mushe malaminmu ya nuna mana a wayarsa yadda masana ke kwaikwayon ganye, su yi faifan da ruwa ke bi ta gefe guda, ba ya komowa. Na so in ce yayana ya taɓa yin haka. Kunya ta hana ni ɗaga hannu.

Yanzu hannuna yana shigewa cikin tsagar bangon har wuyansa. Kawu ya ce mu koma Illela wajensa, Inna ta ƙi. Wai kar ka dawo ka tarar da ƙofa a rufe. Gadonta na jikin bangon nan, ta hana ko matsar da shi.

A littattafan soyayyar da kake tsokanata da su, matahiyi kan dawo a shafin ƙarshe. Na daina karanta ƙarshensu.

Jiya an hita roƙon ruwa, gero ya fara murɗewa. Gari duka na cewa amin, ni kuwa bakina ya kasa.

Allah Ya tsare ka, ko kana bisa ƙasa ko kana cikinta. Allah Ya ba manoma ruwa. Ya yahe mini abin da zuciyata ke roƙo in hadari ya taso.

Ƙanwarka,
Nana