Tun Daga Motar Kabeji Yake Ce Mini Madam

Anti Ermelinda,

Don Allah ki taimake ni da shawara, in ma faɗa ne ki yi mini, zan ɗauka. Daga Swindon ta Ingila nake rubuto miki, gidan 'yata Velanka. Bari in fara da abin daɗi: an yi baftismar jikana ranar Lahadin da ta wuce, ni na riƙe shi a gaban Fada a coci, mijina yana gefena da kyandir. Kin san al'adarmu, jikan fari kakanninsa ne iyayen baftismarsa, ni kuwa tun cikin bai fito ba na ɗinka rigar wannan rana. Saura ƙiris a yi babu mu. Har yau in na tuna sai na nemi kujera na zauna na gode wa Allah. Sai dai akwai wata ƙaya da ta rage mini a zuciya, ita ta sa na ɗauki biro.

Mijina, bari in kira shi Cleto, ya yi shekara talatin da 'yan kai yana gyaran ɗakunan fasinjoji a manyan jiragen ruwa na yawon shaƙatawa, kamar rabin mazan garinmu Velim na Goa. Da wannan aikin aka yi rufin gidanmu, da shi yara suka yi karatu. Amma bai taɓa shiga jirgi a matsayin fasinja ba, ni kuwa ko ƙafata ban taɓa sawa ba. Shi ne mijin Velanka ya ce zai yi mana gata. Ya tsara mana mu shiga jirgin ruwa daga Mumbai mu zaga tsibirai, mu sauka a tashar Mormugao ta nan Goa da safe, da yammar ranar kuma mu kama jirgin London daga filin jirgin Mopa. Yaron kirki ne, amma a waya ya tsara komai, kuma a waya Goa ba ta fi tafin hannu ba.

Tun ranar farko na ga alama. Anti, mutumin nan bai iya zama baƙo ba. In mun gama cin abinci sai ya tattara faranti ya jera a hannunsa. In wani mai fararen kaya da igiyoyi a kafaɗa ya wuce sai ya miƙe tsaye. Kafin in fito daga wanka ya gyara gado, ya naɗe tawul ya zama agwagwa. Wata mata 'yar Pune da muke teburi ɗaya ta miƙa masa kofi ta ce ya ƙaro mata ruwa, ya kuwa tashi ya ƙaro. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, to a tsakiyar teku ina ƙasar take?

Ranar sauka rukuni-rukuni ake kiran mutane, masu sauri su ne na farko. Tun ana gobe za mu sauka na ce ya je ya sa mu a na farko tunda muna da jirgi. Ya ce, "Bari baƙi su fara sauka." Na ce, "Cleto, mu ne baƙin!" Ya ce to, ya ji. Ashe bai je ba.

Da safe ina saman jirgi da jakata a hannu, aka kira na farko, aka kira na biyu, babu Cleto. Na sauka ɗakinmu, na tarar an yaye zanin gado an ƙulle a bakin ƙofa, banɗaki sai ƙyalli yake, shi kuwa babu shi. A ɗakin maƙwabta na same shi, matashin kai a ƙarƙashin haɓa yana sa masa riga. Mai gyaran ɗakunan, wani mutumin Odisha mai furfura kamar tasa, yana tsaye yana roƙonsa, "Kawu, don Allah ka bari, in shugabana ya gani na shiga uku." Na ce Cleto ya wuce mu tafi. Ya ce, "Ke ba ki san ranar juyi ba. Kafin tsakar rana sababbin fasinjoji za su shigo, ɗakunan nan duk a kansa suke, ga bayansa na ciwo. Ma'aikaci ba ya sauka sai baƙo na ƙarshe ya sauka."

Haka kuwa aka yi, mu ne na ƙarshe. Akwatunanmu su kaɗai a tsakiyar rumfa kamar marayu. Motocin haya duk sun kwashi mutane sun tafi, ɗaya da ta rage direban ya ce an riƙe shi don wani biki a Margao. Da filin jirgin Dabolim ne da ko a ƙafa mun ja akwati, ga shi nan a hancin tasha. Amma Mopa, Anti! Sai ka haye kogin Zuari, ka haye na Mandovi, ka wuce Mapusa, ka kusa faɗawa jihar Maharashtra. Kuma jirgin London ba kullum yake tashi ba, na gaba sai bayan an gama baftisma an cinye kek.

Nan idona ya rufe. A gaban 'yan dako da masu gadi na ce masa, "Shekara talatin kana goge wa mutane banɗaki bai ishe ka ba? Boyi kake, ko a kan kujerar zinariya aka ɗora ka boyi za ka mutu."

Ya dube ni, ya ɗauki akwatunan, ya bi ta gefen gini, ba ta ƙofar fasinjoji ba. Na bi shi ina kuka ina masifa. Ashe ta baya akwai ƙofar da ake shigo wa jirgi da kayan abinci, kuma a ranar juyi motoci suna zuwa cike su koma wayam. Ya dinga bin su yana leƙa taga, "Ɗan'uwa, arewa ka yi?" har ya dace da wani Digambar, mutumin Pernem, wanda ya kawo kabeji da kwakwa da albasa daga kasuwar Mapusa. Digambar ya kalli rigar leshina da takalmina mai tsini ya ce, "Kawu, motar nan albasa ta sani, ba ta san irin su Anti ba." Cleto ya ce jikan fari ne, baftisma ce. Digambar ya ce, "To tsayuwar me kuke yi?"

Kujerar duk ƙasa da ɓawon albasa. Cleto ya tuɓe kwat ɗinsa ya shimfiɗa, ya riƙe mini ƙofa, ya ɗan rusuna ya ce, "Shiga, Madam."

Ban ko kula ba a lokacin, hankalina na kan hanya. Ina tsakiya a matse, carbina a hannu, Ganpati, gunkin Digambar, da furanninsa suna rawa a gaban gilashi. Ya ce, "Anti, ki ja naki, ni ma na gaya wa nawa. Duk wanda ya fara ji, mun gode." A Porvorim wata saniya ta kwanta a tsakiyar titi, Cleto ya sauka ya lallashe ta kamar wata babbar baƙuwa. Digambar ya wuce kwanar gidansa bai ko waiwaya ba, ya kai mu har ƙofar filin jirgi, masu gadi suna kallon ikon Allah. Mu ne na ƙarshe a wurin auna kaya, yarinyar har ta fara ɗage allonta. Da na ji tayoyin jirgi sun bar ƙasa na fashe da kuka, kukan daɗi. Ganyen kabeji ɗaya ya maƙale a akwatina har London.

To ga ƙayar. Tun daga motar nan bai sake kiran sunana ba. Akwai sunan da yake kirana da shi tun kafin mu yi aure, ba zan rubuta ba kada mutanen Velim su gane ni. Yanzu sai Madam. Da safe ya ƙwanƙwasa ƙofar ɗakin da shi ma a ciki ya kwana, ya shigo da shayi a tire, tawul a hannu. "Madam ta tashi lafiya?" Velanka da mijinta dariya suke har da riƙe ciki, sun ɗauka wasan tsofaffi ne. Ba su san abin da na faɗa ba. Ni kuwa shayin nan da ƙyar yake wuce mini.

Na san na yi ɓarin baki. Amma Anti, ni ma a ji tawa. Wata tara a shekara ni kaɗai ce a gida da yara, da mahaifiyarsa, da rufi mai yoyo duk damina. Baƙi su ne na farko, jirgi na biyu, ni sai ya yi hutu. Sau ɗaya tak na so a sa ni a rukunin farko, shi ma ya ba wani. Shin fushi yake ko zolaya? In ba shi haƙuri, ko in jira shi ya fara, tunda shi ya kusa jawo mana asara? Sunana nake so ya dawo.

Taki,
Kakar da ta iso da ƙyar

*

'Yar'uwata,

Barka da arziki, barka da jika. Allah ya raya shi, ya kuma saka wa Digambar, in kun dawo a kai masa hoton yaron da ya yi wa gudu. Batun ɓoye suna kuwa ki daina wahalar da kanki, duk Velim sun gane ki tun daga kabeji.

Bari in fara da mai sauƙin, don surukinki da sauran masu tsara wa iyaye tafiya a waya. Ba a haɗa saukar jirgin ruwa da tashin jirgin sama mai nisa a rana ɗaya in akwai yadda za a yi. A kwana a gida ko wurin dangi, a tashi washegari. In ya zama dole, a duba wane filin jirgi ne, a riƙe mota tun kafin a bar gida, a karɓi lambar direba, sannan wanda ya fi damuwa a cikinku shi zai je da ƙafarsa ya sa ku a rukunin farko. Wannan aikin ba na aike ba ne.

Yanzu ga mai wuyar. Mijinki ya yi kuskure, kada tausayi ya sa a rufe wannan. Ya ce miki ya ji alhali bai je ba. Ya sa baftismar jikansa a hatsari saboda zanin gado, ya kuma kusa jawo wa mutumin da yake tausayi matsala a wurin aiki. Ki gaya masa haka, da abin da kika rubuta mini na zama ta ƙarshe shekara da shekaru. Ina zargin bai taɓa ji daga bakinki ba.

Amma nasa kuskuren Digambar ya gyara shi a kan hanya, naki kuwa babu motar da za ta ɗauke shi. Kin zagi aikin da ya rufe kanki daga ruwan sama, a gaban mutanen da su ma da irinsa suke ci. Kuma ki lura, halin da ya makarar da ku shi ya san ƙofar baya. Ba za ki karɓi ɗaya ki jefar da ɗaya ba, mutum guda ne.

Kin tambaya fushi ne ko zolaya. Duka biyun ne, kuma wannan ya kamata ya kwantar miki da hankali. Namijin da ya gama da mace ba ya tashi da sassafe ya dafa mata shayi yadda take so. Ya ji ciwo, bai iya faɗa ba, sai yake nuna miki da yaren da ya iya. Madam ita ce matar da yake yi wa hidima amma ba ya zama ya ci abinci da ita. Kullum da safe tambayarki yake ko can kike so ya ajiye ki.

Don haka kada ki jira shi, kuma kada ki sa yara a ciki. Gobe ki riga shi tashi. Ki ɗauki tiren nan, ki ɗora kofi biyu, ki ƙwanƙwasa, ki shiga ki zauna a bakin gado. Ki ba shi haƙuri da baki, ki ambaci kalmar da kika faɗa, ban da kwana-kwana. Sannan ki faɗi taki. In kun gama ku gyara gadon tare, ki bar shi ya nuna miki yadda ake naɗe kusurwa, ko da kin fi shi iyawa.

Ki kuma tuna masa abin da ku biyun kuka manta. Shekarun da yake gyaran ɗakuna a teku, ke ma ba fasinja ba ce. Kina tudu kina riƙe da gida, ba ki sauka ba sai da kowa ya sauka. Aiki ɗaya kuka yi, kuma ma'aikata ba sa ce wa juna Madam.

Allah ya dawo da ku lafiya, ya dawo miki da sunanki tun kafin shayin ya huce.

Anti Ermelinda